Sifirin Daidai Halin Mai Famfo

Maigidana gyaran famfon rijiyar burtsatse yake yi, shi ya sa kowa ke kiransa Mai Famfo, har ni idan raina ya ɓaci. Yana da wata a-kori-kura mai taurin kai, irin wadda tayoyinta huɗu duka suke ja, da ita yake ratsa daji zuwa ƙauyukan da kwalta ba ta san da zamansu ba. Kullum a bayanta akwai janareto, da bututun ƙarfe, da sarƙa, da durom ɗin ruwa, da safaya, da wani akwatin kayan aiki da ya girme wa ’yarmu ta fari. Waɗannan kayansa ne, kuma da a nan abin ya tsaya da ba wanda zai ji bakina.

Matsalar ita ce bakin mutumin nan bai iya furta a’a ba. Duk wanda ya tsaya a gefen hanya da buhu ya ɗaga hannu, to ya samu mota. Wani ma ba ya ɗaga hannun, kallon motar kawai zai yi, sai Mai Famfo ya taka birki ya tambaye shi ko lafiya. Ya ɗauki taki, ya ɗauki kwanon rufi, ya ɗauki gadon ƙarfe har da katifarsa. Ya taɓa dawowa gida da tunkiyar da ya manta ta wace ce, ta zauna a tsakar gidana tana cin shanyata har mai ita ya biyo sawu. Idan motar ta shigo layinmu da yamma, gindinta na jan ƙasa, hancinta na kallon sama, fitilunta suna haska rassan bishiya maimakon hanya. Na yi magana har na gaji, shi kuwa sai ya sosa ƙeya ya ce ai hanya ɗaya ce, ba wani abu ba ne.

Ranar da ’yarmu ta fara naƙuda tana gidanmu, mijinta ya yi tafiya. Da hantsi ne. Na kira wayar ubanta har yatsana ya yi ciwo, ba ta shiga. Maƙwabcinmu mai gidan burodi ne ya jiyo salatina ta katanga. Ya riga ya gama loda burodin rabo a ’yar motarsa, amma ya kwashe shi ya zube a shago, ya kai mu asibiti. Jikana ya zo duniya lafiya, uwarsa tana ƙamshin burodi. Kakan kuwa sai washegari ya bayyana, taɓo har gwiwa. Ashe sifirin ɗin baya, ƙarfen da ke riƙe da nauyin motar, shi ne ya karye masa a tsakiyar wani rafi, a ƙarƙashin injin niƙan wani mutum da ko sunansa bai sani ba.

Ban yi masa faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tayar masa da hankali. Gaskiya tsoro na ji ranar, irin wanda ban taɓa ji ba. Na yi ta tunanin da mai burodi ya riga ya fita fa? Muna da mota, muna da namiji a gida, amma ranar da muka nemi su biyun suna can kwance a rafi saboda injin wani. Mai Famfo ya ɗauki jaririn yana kallonsa, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya juyo ya ce da ni:

“Ke za ki zaɓi sifirin ɗin da za a sa mata. Abin da ya iya ɗauka shi zan riƙa ɗauka, ba ƙari. Na yi miki alkawari.”

Na san shi, ba ya saɓa alkawari, shi ya sa ma ba ya yawan yin sa. Na ce na ji, kuma a raina na riga na gama zaɓe: wanda zai ɗauki kayan aikinsa kaɗai, ko tsinke aka ƙara ya yi ƙara.

Bakaniken da ke duba motar ƙanena ne, autanmu. Garejinsa wata rumfar kwano ce a bayan kasuwar ’yan katako, ƙasar ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai, kujerar baƙi kuwa tsohuwar kujerar mota ce da aka ɗora a kan bulo. Ban taɓa zuwa ba sai ranar. Da Auta ya gan ni na fito daga tasi da jakata a hammata, sai ya dubi Mai Famfo ya ce lallai babban yaya yau an zo da hukuma.

Ya ja ni ya nuna mini abin a ƙarƙashin motar. Ashe sifirin ɗin irin wannan mota wasu dogayen ƙarafa ne masu lanƙwasa, an jera su falle a kan falle an ɗaure, su ne ke riƙe da bayan motar a kan tayoyi. Babban fallen namu ya tsage gida biyu. Auta ya jawo wasu sababbi kala biyu ya shimfiɗa a ƙasa. Na farko fallensa kaɗan ne, sirara, ya ce wannan mai laushi ne, mutum zai zauna a mota kamar yana kan katifa, amma idan aka danna masa kaya sai ya miƙe ya kwanta, ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe a kowane rami, sitiyari ya yi sakayau a hannu, ƙarshe ya karye. Na biyu kuwa kauri gare shi, fallensa da yawa, ni ko motsa shi ban iya ba. Ya ce wannan zai ɗauki lodi ya ratsa daji bai ce uffan ba, sai dai idan bayan motar ba kowa ba komai, to duk tsakuwar da taya ta taka sai mutum ya ji ta a ƙashin bayansa.

Na nuna na farkon da ƙafa na ce shi za a sa. Auta ya ce ba haka ake yi ba. Ya ce ba a zaɓen sifirin da son rai, kuma ba a zaɓensa don ranar da mota ta fi nauyi ko ranar da take fayau, ana zaɓensa ne don abin da take ɗauka yau da gobe. Sai ya tambayi Mai Famfo me yake ɗauka a ranar aiki. Bawan Allah ya dubi ƙasa ya ce ’yan kayan aiki ne kawai, sai ɗan saƙo jefi-jefi. Auta ya yi dariya har ya share hawaye da tsumman hannunsa, ya bar baƙin mai a kumatu.

Ya ce shi ba zai ɗauki maganar kowa a cikinmu ba, motar zai tambaya. Ya tono wani tsohon falle daga cikin tarkacensa ya maye gurbin wanda ya karye, ya ce zai kai mu yini ɗaya idan an lallaɓa. A je a yi aikin rana kamar kullum, a dawo masa kai tsaye ba a sauke komai ba, ya ga yadda ta zauna. Ya kama hannuna ya cusa tsakanin saman taya da ƙarfen bodi.

“Kin ga nan, Yaya? Idan tafin hannunki ya shiga a tsaye, tana lafiya. Idan ya ƙi shiga, an zalunce ta.”

Tun a hanyar komawa gida nake ƙulla abin da zan yi. Tunda motar za a tambaya, to ni zan shirya mata amsa. Zan bi shi aikin, in zauna a gaba, in tabbatar ta dawo gareji da kayan aikinsa kaɗai. Kuma zan nuna masa yadda ake cewa a’a, tunda ba wanda ya koya masa yana yaro.

Da safe na riga shi shiga motar. Ya buɗe ƙofa ya gan ni zaune, na ɗaure fuska tamau, jaka a cinya. Sai ya ɗauko wani tsohon tawul ya ninke ya sa mini a baya.

A inda kwalta ta ƙare akwai wata mararraba mai babbar bishiya, nan motocin haya suke juyawa, daga nan kuma sai ƙafa ko sa’a. Mutane na zaune a inuwa kowa da ƙunshinsa. Da suka hango motarmu sai suka fara miƙewa suna kakkaɓe riguna, wasu har sun ɗaga kayansu. Mai Famfo ya rage gudu don ƙafarsa ta saba, ni kuma na sauke gilashi.

Wani saurayi ne ya fara isowa, yana nuna buhunan siminti da ya jingina da bishiya. Na ce masa a’a, yau ba a ɗaukar kaya. Ya leƙa ya dubi Mai Famfo, Mai Famfo ya dubi sitiyari kamar ranar ya fara ganinsa. Wallahi daɗi na ji, kalmar ta fito sumul ba gargada. Sai wata mata mai manyan robobi da buhun hatsi, ta fara da kirana ’yar’uwa tana yabon mayafina. Na gode mata na ce bakanike ya hana. Wani mai batirin mota ya zo, shi ma na sallame shi. Maigidana kuwa tunda an hana shi ɗaukar kaya sai ya koma rabon gaisuwa. Kowa sai ya tambaye shi gida, da yara, da gona, da ciwon ƙafar da ya yi bara, gumi na tsiyaya a wuyansa alhali rana ba ta yi zafi ba.

Har mun fara tafiya sai na ga wani tsoho a can gefe, bai taso tare da mutane ba. Ɗan siriri ne, da farin gemu, yana tsaye riƙe da wani ƙyauren ƙarfe sabo fil, an shafa masa koren fenti, ya fi shi tsawo. Mai Famfo ya taka birki ba tare da ya sani ba. Tsohon ya jingina ƙyauren ya matso a hankali, ya gaishe mu. Ya ce ƙyauren ɗakinsu ya ruɓe, tsohuwarsa kuma ta rantse ba za ta ƙara zama a ɗakin da akuya ke shigowa ba sallama ba, shi ne ya je gari aka ƙera masa wannan. Bai ma roƙa ba, labari kawai ya bayar.

Na ji Mai Famfo ya ja numfashi zai yi magana, sai na riga shi. Na ce Baba a yi haƙuri, motar ba ta da lafiya, yau ba ma ɗaukar komai.

Tsohon ya gyaɗa kai ya ce ba komai, ’yata, ai lafiyar mota ita ce gaba. Sannan ya leƙo ya dube ni da kyau, fuskarsa ta washe.

“Ke ce uwar mai jegon? Labari ya iso mana. Yaya jikin nata, yaya ɗan baƙon? Allah ya raya shi.”

Na amsa da amin, na ɗaga gilashi. Muka wuce.

Hanyar ba hanya ba ce, sawun tayoyi ne kawai a cikin ciyawa. Wani wurin yashi, wani wurin duwatsu, wani wurin ƙasa ta yi kunya-kunya motar na rawar sanyi a kai. Muka gangara rafin da ya karye a ciki, ya nuna mini wurin da baki. Bayan rafin da ɗan nisa ya nuna wata ’yar hanya da ta ratse hagu, ya ce ƙauyen tsohon nan ta can yake. Na ce ban tambaye shi ba.

Ƙauyen da aka kira shi aiki yana can gaba sosai. Famfonsu ya daina kawo ruwa, mata sun koma ɗiba a kududdufi. Ya sauke sarƙa da bututu ya shiga aiki, maza suka kewaye shi kowa na ba da shawara. Ni kuma matan suka shimfiɗa mini tabarma a inuwa, suka kawo ruwan da suka tace da ƙyalle, suna ta kallona suna murmushi, wai yau sun ga matar Mai Famfo. Ya kamata in ji daɗi, don komai na tafiya yadda na tsara. Bayan motar ba kayan kowa, sifirin ɗin aro ko ƙara bai yi ba. Amma duk inda na juya koren ƙyauren nan nake gani. Na ce wa kaina ai wani zai ɗauke shi. Sai na tuna tun da muka bar kwalta ban ga mota ko ɗaya ba, ko babur sai guda, shi ma da mutum uku a kai. Na ce to ai yana da ’ya’ya, su zo su ɗauka. Haka na yi ta gardama da kaina har famfo ya yi tari ya feso ruwa, yara suka ɗauki ihu.

Rana ta karkata muka kamo hanyar dawowa. Mutanen ƙauyen sun so su fito da saƙonni, amma labarina ya riga ya zaga, sai suka tsaya daga nesa suna ɗaga hannu. Muka wuce ’yar hanyar nan ta hagu, muka haye rafi, muka hau wani tudu mai yashi. A nan na hango wani abu kore yana tahowa a tsakiyar hanya.

Ƙyauren ne yake tafiya. Ba a ganin mutum, sai wasu siraran ƙafafu biyu a ƙarƙashinsa, suna taku a hankali cikin yashi. Ya ɗora shi a ka ya sunkuya, iska na kaɗa shi yana tangaɗi. Da ya ji ƙarar mota sai ya ratse gefe ya sauke shi da ƙyar don ya ba mu hanya. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, takalminsa ɗaya ya tsinke ya rataye shi a wuya da igiya. Tun safe yake tafe, kuma ko rafin bai kai ba. Da ya gane mu sai ya ɗaga hannu yana murmushi, ya ce a’a, har an gama aikin? Sannu da ƙoƙari.

Kunya ta kama ni, irin wadda mutum ke rasa inda zai sa idonsa. Na dubi Mai Famfo, hannunsa biyu a kan sitiyari, ƙafarsa a kan birki, yana kallon gaba. Alkawari ya yi, kuma na ga zai cika shi ko da zai kashe shi. Ya fara sakin birki.

“Malam, wai kai ba ka da ido ne? Juya motar mana.”

Ban taɓa ganin ya juya mota da sauri haka ba. Muka ɗora ƙyauren a kan bututu, na matsa na ba tsohon wuri a gaba, na ba shi ruwana da tawul ɗin da ke bayana. Ya yi ta ba ni haƙuri wai ya sa mun koma baya. Na ce Baba don Allah ka yi shiru, don idan ya ƙara kalma ɗaya kuka zan yi.

Tsohuwarsa na zaune a bakin ɗaki da sanda tana gadin akuya. Ta dubi ƙyauren sama da ƙasa ta ce kore ya sayo, ita shuɗi ta ce. Mai Famfo ya ɗauko kayan aiki ya kafa musu shi nan take, tsohuwa ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe, sannan ta ce to ba laifi.

Kafin mu fito an kewaye motar. Nan labarin tsiyata bai iso ba, abin da suka gani kawai shi ne matar Mai Famfo ta kawo tsoho har gida. Wata ta kawo keken ɗinki da za a kai gyara, da shi take ciyar da marayu. Wani ya kawo buhunan albasa, ya ce idan suka ƙara kwana za su ruɓe. Wata ungozoma ta kawo tukunyar gas ɗin ɗakin shan magani da ta ƙare. Kowa ni yake kallo, ba shi ba. Na buɗe baki in faɗi kalmar nan da ta yi mini daɗi da safe, na neme ta sama da ƙasa na rasa. Abin da na ji kaina ina faɗi shi ne a sa masu nauyi a gaba kusa da kan mota, kada a tara su a wutsiya, kuma a ɗaure keken da kyau. Wani ya taho da injin ban ruwa a baro, na je na cusa hannuna a saman taya, ya shiga da ƙyar yana gogar ƙarfe. Na ce masa wannan kam sai wani zuwan, kuma ban ji kunyar faɗa ba, don hannuna ne ya faɗa.

Muka lallaɓa kamar masu ɗauke da ƙwai. A mararraba matar nan mai robobi tana nan zaune, ta gaji har ta daina ɗaga kai. Ba cikin gari za ta ba, ƙauye za ta, don haka ba abin da za mu iya yi mata ranar. Mai Famfo ya dube ni. Na sauke gilashi na ce mata ta kai kayan shagon mai shayin da ke wurin ta ajiye, jibi zai biyo.

Auta na shirin rufe gareji muka shigo, gindin mota a ƙasa, albasa na leƙe ta kowane gefe, keken ɗinki a tsaye a sama kamar shi ne mai motar. Ya zagaya ta a hankali hannu a baya. Ya dube ni, ya dubi keken, ya ce ashe hukumar ma ta karɓi saƙo. Na ce ya yi aikinsa ya bar surutu, ni na yi masa wanka yana yaro. Ya durƙusa ya duba, fallen aron ya miƙe sumul saura ƙiris ya bi ɗan’uwansa.

“To Yaya, mota ta faɗi nata. Amma ke aka ba zaɓi. Idan kin ce mai laushi, shi zan sa, sai dai ki riƙa binsa kullum kina korar mutane. Ni ƙarfe na iya canjawa, wannan mutumin kuwa ba ni da sifanar da za ta kwance shi.”

Mai Famfo na tsaye a gefe yana murza hularsa. Ko kallon mai kaurin bai yi ba, don kada a ce ya roƙa. Na tsaya ina kallon ƙarafan nan biyu a ƙasa. Abin da nake so bai canja ba, so nake idan mun neme shi mu same shi. Sai dai na gane idan na sa mai laushi, ko dai ya cika alkawari ya riƙa wuce tsofaffi a hanya yana dawo mini gida da fuskar da na gani a kan tudun nan, ko kuma wata rana zuciyarsa ta fi ƙarfinsa ya sake kwana a rafi. Ba wanda nake so a ciki.

Na nuna mai kaurin da ƙafa. Na ce amma da sharaɗi, hannu ne alƙali, ranar da bai shiga saman taya ba ko waye sai ya haƙura. Auta ya ce wannan gaskiya ne, don sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya ƙara wa taya. Mai Famfo ya ce ya yarda, sai godiya yake yi kamar shi aka ɗaukar wa kaya.

Bayan an sa sabon sifirin da ’yan kwanaki, mai jego ta koma ɗakinta, muka shirya zuwa duba jikanmu. Na ce ba zan je gidan surukai da janareto da sarƙa a bayana ba. Na sa ya sauke komai, har akwatin nan da ya girme wa ’yarmu, aka wanke motar tas. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ba na son jin komai. Ya rufe.

Tun daga ƙofar gida na gane abin da ya so faɗa. Gindin motar ya ɗaga sama, kuma ramin farko da muka faɗa sai da kaina ya gaisa da rufi. Haƙorana suka riƙa haɗuwa, ɗankwalina ya zame, kwanon da na riƙo wa mai jego ya yi ta tsalle a cinyata. Kwalta ce fa, ba daji ba. Na saci kallonsa, ya ƙura wa hanya ido, gefen bakinsa na motsi. Na ce idan ya kuskura ya yi dariya a nan zan sauka. Ya ce shi bai ce komai ba.

Wajen kasuwar hatsi na hango maƙwabcinmu mai burodi a gefen titi. ’Yar motarsa ta mutu, ya buɗe bonet, buhunan fulawa jibge a ƙasa, yana ta waige-waige. Bai ɗaga mana hannu ba, ya san labarin alkawarin, duk layinmu an sani. Na tuna ranar da ya zube burodinsa a shago bai tsaya tambayar ko motarsa za ta iya ba.

Hannu kawai na ɗora a kan hannun Mai Famfo, ya taka birki. Suka loda fulawar su biyu, motar ta sauko a hankali ta zauna daidai. Na fito da kwanona a hannu, na zagaya, na cusa tafin hannuna a saman taya. Ya shige har da sauran wuri.

Na dubi mai burodi na ce, “Maƙwabci, iya su ke nan? Duba da kyau, ko akwai saura a shagon da ka sayo.”